Tambayi Anti: Sati biyu a kicin, har yanzu hannuna bai faɗa ba

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka fi yawa daga yaran nan ne da suka samu aiki a gidajen abincin zamani, irin masu boga da cifs da soyayyar kaza, inda kwastoma zai yi oda a kanta ya tsaya yana kallon agogo. Na yi shekaru a irin wannan kicin ɗin, daga wanke tire na fara har na kai ga koyar da sababbi, shi ya sa na ware saƙonnin na ce bari mu yi su gaba ɗaya.

TAMBAYA: Slm Anti, ya ƙoƙari. Dan Allah taimako nake nema, sati na biyu kenan da fara aiki an saka ni a teburin haɗa boga da sanwici, wlh Anti kala sun fi goma kuma kowanne da nashi haɗin, wani da ciz, wato cuku, wani babu, wani sos ɗinshi fari wani ja, wani latas a ƙasa wani a sama, ni kuma da oda ta fara zubowa a allo sai kaina ya kulle in manta komai, jiya sau uku ana dawo min da boga har wanda ke koya min ya fara ɗaure fuska. Da daddare ina haddacewa amma da na shiga kicin sai ya gudu. Anya aikin nan nawa ne kuwa? Daga ƙaninki, sabon ma'aikaci.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Aikin naka ne, kwantar da hankalinka, ban taɓa ganin wanda ya iya teburin nan a sati biyu ba.

Matsalar ita ce kana haddacewa da ka, shi kuwa wannan aikin hannu ne ke haddace shi. Sannan kana kallonsu kamar abu goma sha wani abu daban-daban, alhali ba haka suke ba. Gobe ka je da wuri ka tsaya gaban takardar haɗin nan mai hotuna da ake mannawa a saman teburi, ka dube ta a tsanake, za ka ga yawancinsu 'yan gida ɗaya ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Akwai gidan naman shanu, akwai gidan kaza, wataƙila da na kifi, kuma kowane gida yana da guda ɗaya mafi sauƙi wanda sauran daga jikinsa suka fito. To shi za ka riƙe gam. Sauran kuma bambancin kawai za ka riƙe, wannan shi ne wancan amma da ciz, wannan shi ne wancan amma nama biyu, wannan an cire jan sos an sa fari. Nan take za ka ga abin da ke tsorata ka ya koma abu uku da 'yan ƙare-ƙare.

Daga nan sai jeri. Inda takardar ta fara nan za ka fara kullum, wasu wuraren daga gindin biredin suke farawa su hau sama, wasu kuma daga murfin su kife daga baya, ko wanne ne na wurinku kar ka canza ko sau ɗaya, ko da kana ganin babu bambanci. Kuma ka riƙa faɗa a hankali da bakinka kana sakawa, biredi, sos, latas, nama, ciz, murfi. Kar ka ji kunya, ƙarar injina ma ba za ta bari a ji ka ba. Ka kuma dubi robobin kayan haɗin da ke gabanka, za ka ga a jeren da ake saka su aka shirya su, wato in hannunka ya bi layi daga wannan gefe zuwa wancan to ya haɗa bogar ke nan. Shi ya sa nake jin ciwo in na ga wani ya ɗauke robar albasa ya mayar inda tumatir yake don wai nan ya fi masa kusa, duk wanda ya karɓe shi sai ya yi kuskure.

Wannan tsarin ba haka kawai ya faɗo ba. A 1948 wasu 'yan'uwa biyu, Richard da Maurice McDonald, suka rufe gidan abincinsu da ke San Bernardino a jihar Kalifoniya ta Amurka na 'yan watanni, suka rage abincin da suke sayarwa daga kala 25 zuwa 9, suka raba aikin kowa da abu ɗaya da zai riƙa yi, mai gashi daban mai haɗawa daban mai suya daban. Har a filin wasan tanis sun taɓa zana taswirar kicin da alli suka sa ma'aikata suna kwaikwayon aikin don a ga inda mutum biyu za su yi karo. Abin da nake so ka ɗauka a nan, kicin ɗin da kake tsaye a ciki an riga an yi masa tunanin, an gina shi ne don sabon shiga irinka ya iya, kai dai ka bi shi.

Jerin ma yana da dalili. Ciz kan nama mai zafi ake ɗora shi don ya narke. Biredi ana ɗan gasa cikinsa don kar sos ya jiƙa shi ya zama kamar an tsoma a ruwa kafin kwastoma ya kai gida. Sos ɗin kuma in an ce matsa ɗaya to ɗaya ne, a tsakiya, kar ka ƙara don kirki, yana yawa komai zai riƙa zamewa, mutum ya gatsa latas ya fito ta baya ya ɓata masa riga.

Su kuma waɗanda aka dawo maka da su jiya, ka tuna da kyau, na kusa tabbata ba haɗin ka manta ba, ƙaramin rubutun da ke ƙasan odar ne ba ka gani ba, babu albasa, a ƙara ciz, ba a son sos. Nan sababbi suka fi faɗawa. Ka karanta odar har ƙarshe kafin ka taɓa biredi, in akwai mai canji ka ware ta gefe ɗaya, ka naɗe ta ka yi mata alama nan take kafin ta shige cikin 'yan'uwanta.

Shi kuwa mai koya makan, ka same shi lokacin da kasuwa ta lafa ka ce yaya ba ni minti goma in haɗa kana kallo. Ɗaure fuskar tasa ta cinkoso ce, yawancinsu in ka nemi gyara da kanka suna sakewa. Kuma kar ka bi sauri yanzu, bogar da aka dawo da ita ta ci lokacin guda biyu. Saurin da kansa zai zo, wata rana za ka duba ka ga ka naɗe guda shida ba ka ɗaga kai ka kalli takardar ba.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni a wajen suya aka ajiye ni kuma cifs ɗina kullum da magana, wani lokacin ya fito lagwai-lagwai ya sha mai, wani lokacin ya yi duhu, alhali taima ɗaya, agogon nan mai ƙara in lokaci ya cika, muke dannawa ni da sauran. Me nake yi ba daidai ba? Ƙanwarki ce.

AMSA: Ƙanwata taima ɗaya ce amma kwandon ba ɗaya ba ne. In cifs ya sha mai ya yi laushi to mafi yawan lokuta cika kwando aka yi. Man suya yana aiki ne a wajen digiri 170 zuwa 180 a ma'aunin Salshiyas, shi kuma dankalin daga firiza yake fitowa inda sanyin ya kai 18 ƙasa da sifili, to ki duba in kin jibga kwando fal kin tsoma, zafin man zai faɗi warwas, maimakon bayan dankalin ya soyu ya ƙame sai ya zauna yana shan mai. Rabin kwando ya isa, ko iya layin da aka nuna miki. Kuma in kin ɗaga wani kwandon ki ɗan ba injin lokaci ya maido zafinsa kafin ki tsoma na gaba, yawancinsu suna da wuta ko rubutu da ke nuna sun shirya. Abu na biyu, kar ki bar ledar dankalin a waje ta saki, daskararre ake soya shi, in ya narke ya lalace tun kafin ya ga mai. In ya ɗan jima a ciki, kamar rabin minti, ki girgiza kwandon don kar su manne, in taima ta yi ƙara ki ɗaga ki bari man ya tsane na 'yan daƙiƙu sannan ki juye.

Gishiri kuma a tiren juyewa ake sa shi, nesa da injin, yana zuba cikin mai yana kashe man da wuri. Haka ɓurɓushin da ke yawo a sama, ki riƙa kwashewa da abin tacewa duk sanda kika samu sarari, in kin bar shi zai ƙone ya baƙanta man ya sa masa ɗaci. To nan maganar duhun ta shigo, ko dai man ya tsufa, alamarsa ya yi baƙi ya yi kauri yana kumfa ko yana hayaƙi tun bai kai zafinsa ba, ko kuma kina jin ƙarar taima kina cewa bari in ƙarasa wannan tukuna. Daƙiƙa ashirin a cikin mai mai zafin nan ba wasa ba ne. Kuma duhun ba muni kawai ba ne, tun 2002 masu bincike a ƙasar Suwidin suka gano wani sinadari, akirilamaid, da ke fitowa in abinci mai sitaci irin dankali ya soyu da zafi sosai, yana ƙaruwa in ya ƙara duhu, shi ya sa a Turai ake cewa a tsaya a ruwan zinare, kar zafin ya wuce 175. In kin ga man ya sauya ki faɗa wa sufabaiza, ba aikinki ba ne ki yi ta fama da mataccen mai ana ɗora miki laifi.

Ƙanƙarar da ke taruwa a gindin leda, dan Allah kar ki juye ta cikin kwando a saman injin, ruwa ce, tana faɗawa cikin mai zai watso. Ki cika kwandonki a gefe.

TAMBAYA: Anti akwai wani da ya daɗe a wajen aikinmu, ya ce min wai ɓata lokaci nake da nake soka ma'aunin zafi a kaza, shi da ido yake ganewa in ta nuna, kuma gaskiya kazarshi tana kyau. Ni kuma a horon da aka mana an ce dole a auna. Banason ya ga kamar na raina shi. Ya zan yi? Daga ɗanki.

AMSA: Ɗana ka ci gaba da aunawa, wannan ba ta cikin abin da ake yi wa kara.

Ido bayan kazar yake gani. Fulawar da aka shafa mata tana iya yin ja ta yi kyau alhali can jikin ƙashi bai nuna ba, musamman in yankan ya fi na kullum girma ko cikinsa bai gama sakin ƙanƙara ba, ko man ya faɗi saboda an cika kwando. Kuma idon yana yaudara ta ɗaya ɓangaren ma, wani lokacin kaza ta nuna sarai amma kusa da ƙashi da ɗan ja-ja. Abin da ke raba gardama shi ne digiri 74 a tsakiyar naman, nan ne ƙwayoyin cuta irin su salmonela da kamfilobakta da ke zuwa da ɗanyar kaza suke mutuwa. Ka soka a inda ya fi kauri, kar bakin ma'aunin ya taɓa ƙashi, ka jira lambar ta tsaya, ka goge shi da abin kashe ƙwayoyin cuta kafin da bayan. Shi kansa ma'aunin ana gwada shi, a cika kofi da ƙanƙara a zuba ruwa kaɗan a tsoma shi, in bai nuna sifili ba to a gyara shi ko a canza.

Ni abin ya taɓa faruwa da ni shi ya sa nake magana da zafi. Ina wata na uku a aiki, layi ya kai ƙofa, ana ta kiran kaza kaza, sai na ɗaga kwando saura kusan minti ɗaya taima ta yi ƙara don na ga ta yi ja. Ba a jima ba wata mata ta dawo wurin karɓar oda riƙe da kwali, ta buɗe ba ta ce komai ba, cinya ce da gatsa ɗaya, ƙaramin gatsa na yaro, cikin naman yana sheƙi kamar ɗanye, ga yarinyar nan tsaye a bayanta tana riƙe da gefen mayafinta. Ranar ban yi barci ba, kwana biyu ina addu'a kar in ji an ce wani abu ya same ta. Daga ranar ban sake ɗaga kwando kafin lokaci ba, ko wa ke ihu.

Naman boga ma haka, har ya fi. Ita tsokar nama ƙwayoyin cutar a bayanta suke, wuta na taɓawa sun mutu, amma da an niƙa shi na bayan ya shige ciki ya gauraye ko'ina, shi ya sa dole tsakiyarsa ta nuna. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ce cikin kowace boga huɗu ɗaya tana sauya kala ta yi kamar ta nuna tun zafin cikinta bai kai ba. A farkon 1993 a can Amurkar, bogar da ba ta gama nuna ba a gidajen abincin Jack in the Box ta sa wa mutum 732 cutar E. coli a jihohi huɗu, yara huɗu suka rasu, wasu ƙodarsu ta lalace. A lokacin dokar tarayya digiri 60 ta ce, jihar Washinton inda abin ya fi muni ta riga ta ɗaga nata zuwa 68 amma ba a bi ba. Bayan abin ne aka mayar da 68 ɗin ma'aunin ƙasar ga gidajen abinci, wasu kamfanonin ma suna sa nasu sama da haka. Digiri takwas ne fa tsakani. Don haka lambar da ke rubuce a bangon kicin ɗinku ita za ka bi, kuma shi naman boga ta gefe ake soka masa ma'aunin har ya kai tsakiya, in ka soka ta sama zafin farantin gashi za ka auna.

Shi kuwa yayan naka ba sai ka yi musu da shi ba. Ka ce masa yaya ni idona bai kai naka ba tukuna, kuma an ce in rubuta lamba a takarda, bari in auna. Ka ba shi girmansa ka yi aikinka. In ka auna ka ga bai kai ba, ka mayar ya ƙarasa sannan ka sanar da manaja, domin wataƙila injin ne ya fara ba da matsala kuma ba kwandonka kaɗai abin zai shafa ba.

TAMBAYA: Anti ni abin da ke damuna zubar da abinci. Taima na ƙara sai a ce a zubar da nama ko cifs alhali lafiyarsu ƙalau a ido, wlh har raina ɓaci yake, ina ganin almubazzaranci ne. Wata abokiyar aikina kuma sai ta sake danna taimar kawai ta bar su. Wanne ne daidai? Daga 'yarki.

AMSA: 'Yata wannan ɓacin ran naki alheri ne kar ki rabu da shi, ni ma har yau ba na son ganin abinci a shara. Amma maganinsa ba sake danna taima ba ne, wannan ha'inci ne, ana sayar wa mutum tsohon abu da sunan sabo.

Lokacin ajiyar nan iri biyu ne ki bambance su. Akwai na daɗi, kamar cifs, a inda na yi aiki minti bakwai ne, bayan nan ba zai cutar da kowa ba amma ya yi sanyi ya yi tauri, wanda ya biya kuɗinsa bai samu abin da ya saya ba. Akwai kuma na lafiya, shi ne babba. Tsakanin digiri 5 zuwa wajen 60 nan ƙwayoyin cuta suke hayayyafa, in sun samu yadda suke so cikin kamar minti 20 sun ninka, kuma ba wari ba canjin kala, abincin yana nan fes a ido. Shi ya sa mai zafi ake riƙe shi da zafinsa a cikin akwatin ɗumama, a dokar Amurka 57 zuwa sama, a Ingila 63, mai sanyi kuma irin su yankakken latas da tumatir da mayonis a riƙe su 5 zuwa ƙasa. Robar tumatir da aka bari a kan teburi tun safe don firijin ƙasa ya yi nisa, ita ma cikin wannan lissafin take.

In kina son rage zubarwa to tun daga farko ake yi. Ki koyi kasuwar wurinku, yaushe ake cika yaushe ake watsewa, in cinkoso ya wuce ki daina tsoma kwando biyu, ki soya kaɗan-kaɗan akai-akai. Yawancin wurare suna da jadawalin da ke nuna nawa za a dafa a kowace awa, ki tambaya a nuna miki. Sannan wanda ya riga shiga shi zai riga fita, sabon kaya baya ake tura shi tsohon ya dawo gaba, a firiji da kan teburi duka, kuma kar ki taɓa juye sabon latas a kan ragowar tsoho a roba ɗaya, na ƙasan zai kwana nan ba wanda ya sani. Duk abin da kika yanka ko kika buɗe ki manna masa takarda da rana da lokaci. Wanda aka zubar kuma ki rubuta shi a takardar asara da gaskiya, da wannan rubutun ne manaja zai gane ana dafa fiye da kima ya rage. Ita abokiyar taki da take ɓoyewa, ita ce ke sa gobe ma a sake dafa mai yawa.

Yankan kayan nan da cika robobi kuma kafin a buɗe ƙofa ake gama su, ba a fafe gora ranar tafiya.

TAMBAYA: Salam Anti. Wani kwastoma ya ce jikinshi ba ya son riɗi, ni kuma na riga na haɗa da biredi mai riɗi sai kawai na cire murfin na canza wani, sufabaiza ya gani ya min faɗa sosai ya sa na sake sabo. Ni dai na ga kamar ya tsananta. Ƙaninki.

AMSA: Bai tsananta ba ƙanina, ya cece ka ne. Mai irin wannan larurar ba ƙin ɗanɗano yake ba, ƙwaya ɗaya ko ɓurɓushin da ido ba ya gani yana iya sa maƙogwaronsa ya kumbura numfashi ya gagara cikin mintuna, kuma wuta ba ta kashe wannan kamar yadda take kashe ƙwayoyin cuta. Abubuwan da suka fi jawo shi su ne madara, ƙwai, kifi, dangin jatan lande da ƙaguwa, gyaɗa, 'ya'yan itace masu ɓawo irin su yazawa, alkama, waken soya da riɗi, guda tara ke nan a lissafin Amurka, riɗin ma a farkon 2023 aka ƙara shi, a Turai kuwa 14 suke lissafawa. In irin odar nan ta zo ka wanke hannu, sabuwar safar hannu, takarda mai tsabta a ƙasa, wuƙa da abin ɗauka wankakku, ka haɗa daga farko. In aka tambaye ka ko akwai kaza-da-kaza a cikin sos, kar ka amsa da ka, ka ɗauko takardar sinadaran ko ka kira manaja. Ka tuna kuma mai ɗaya in an soya kifi ko abu mai fulawa a ciki, to duk abin da ya biyo baya ya ɗauka.

Tunda an zo maganar safar hannu, ita ba ta maye gurbin wanke hannu. Ka taɓa ɗanyen nama, ko waya, ko fuska, ko murfin shara, ka cire ta ka wanke hannu da sabulu daƙiƙa 20 ka sa sabuwa. Ƙarfen da kake ɗaukar ɗanye da shi daban, na dafaffe daban. Allunan yanka masu kala-kala kuma ka tambayi ma'anarsu a wurinku, domin rawaya a wani wurin na ɗanyar kaza ne, a wani wurin kuma na dafaffen nama.

TAMBAYA: Anti mai ya fallatsar min a hannu, wani ya ce in shafa man goge baki wani ya ce ƙanƙara. Sannan ranar da cikina ya ɓaci na zo aiki haka don ina tsoron a ce sabuwa ce ta fara fashi. Na yi laifi? Ƙanwarki.

AMSA: Sannu ƙanwata, Allah ya ƙara sauƙi. Ba man goge baki ba ƙanƙara ba, ba kuma wani mai ko ƙwai. Ruwan famfo mai sanyi yana zuba a kai minti 20, ki cire zobe ko agogo kafin wurin ya kumbura, ki rufe da abu mai tsabta wanda ba ya mannewa, kar ki fasa ƙurjin in ya tashi. In ƙunar tana da faɗi ko zurfi, ko a fuska take ko a gaɓa ko ta kama yatsu, asibiti za ki. Kuma ki sa a rubuta a littafin haɗari ko da ƙarama ce. Nan gaba kwando a hankali ake sauke shi cikin mai, abin da kike sakawa da hannu kuma ki kwantar da shi ta gefen da ke nesa da ke, hannunki a bushe. In kuwa Allah ya kiyaye man ya kama da wuta, ruwa haramun ne a nan, yana shiga yake zama tururi ya kumbura kusan sau 1,700 ya watso man da wutar sama. A kashe injin, a rufe da murfi ko bargon kashe wuta, a yi amfani da tukunyar kashe gobara ta musamman ta man girki. Gobe kina shiga ki nemi inda take da inda makashin injin yake, kafin ki ɗaura rigar aiki.

Maganar ciki kuma, eh, bai kamata ki zo ba, amma na san tsoron da ya kawo ki. Mai amai ko gudawa ba ya taɓa abincin mutane. Akwai ƙwayar cutar norobairos da kaɗan ɗinta ya isa ya kwantar da mutane da yawa, daga hannun ma'aikaci ɗaya take bin latas da biredi, kuma man tsabtace hannun nan na shafawa ba ya kashe ta sosai, sai sabulu da ruwa. A Ingila ƙa'idar ita ce sai mutum ya yi awa 48 da tsayawar aman ko gudawar sannan ya koma kicin. Ki kira manaja tun da sassafe kafin lokacin shigarki don ya samu mai riƙe miki wurin, ki faɗa masa ainihin abin da ke damunki, kar ki ce ciwon kai, ki kuma tambaye shi ranar da dokar wurinku ta yarda ki dawo.